Tsohuwar Marsandi ko ta zamani? Amsar tambayoyin da 'yan'uwa ke yi min a Legas

Assalamu alaikum. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina harkar motoci tsakanin Berger, Ladipo da unguwarmu Agege. Duk wanda ya san ina da V-boot a gida, ga kuma C300 da nake fita kasuwa da ita, abin da yake fara tambayata shi ne wacce ta fi. Ana yi min ita a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ana yi min a wajen ɗaurin aure, wasu har ta waya daga Kano da Sakkwato. Na ga gara in tara tambayoyin wuri guda in amsa a tsanake. Ban sa farashi ba da gangan, domin kuɗin mota a Legas dala yake bi, abin da aka faɗa maka yau ba shi za ka tarar wata mai zuwa ba.

Alhaji, wacce kake kira tsohuwa, wacce ce kuma ta zamani?

Mu a kasuwa da laƙabi muke kiransu, kamfani ne ke kiransu da lamba. Regular ita ce W123, an ƙera ta daga 1976 zuwa 1986, kuma an fitar da wajen miliyan 2.7. Wadda ta gaje ta, W124, ita ce V-boot, saboda yankan murfin but ɗinta da ya sauko tsakanin fitilun baya kamar harafin V. Ta fito a ƙarshen 1984, aka yi ta yin salun ɗinta har 1995. Ƙaramarsu ita ce 190, wato W201, da ake ce wa Baby Benz, daga 1982 zuwa 1993. A manyan akwai W126, Concorde, wadda dattawa ke kira Shagari don a zamaninsa ta shigo, an yi ta daga 1979 zuwa 1991. Sai W140, Beast, daga 1991 zuwa 1998. Waɗannan su ne tsofaffi a wurina.

Na zamani kuwa daga C-Class ta W204 nake farawa, wadda ta fito a 2007, da E-Class ta W212 ta 2009, da GLK da ML350 da suka cika titunanmu, har zuwa W205 da W213 da suka gaji W204 da W212, da manyan S-Class na 2013, wato W222, da na 2020.

Akwai 'yan tsakiya, irin su E-Class ta W210 mai zagayayyun idanu huɗu, da W211 da ta gaje ta, da S-Class ta W220. Ka riƙe su a ranka, zan dawo kansu, don a nan mutanenmu suka fi yin asara.

Wai da gaske ne ƙarfen da ya fi na yanzu?

Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Je ka rufe ƙofar V-boot mai lafiya ka saurari ƙarar, sannan ka taɓa kujerarta, ka murɗa makunnin fitila. Za ka ji abin da aka yi don ya daɗe. A wancan zamani injiniyoyin Stuttgart mota suke ƙerawa da niyyar a kwance ta a gyara a mayar, shi ya sa kusan komai nata da noti yake, ba a liƙe ba. Bruno Sacco, wanda ya jagoranci zanen Concorde da 190 da V-boot, ya fitar da siffar da har yau ba ta yi kama da kayan da aka daina yayi ba. Akwai wani direban tasi a ƙasar Girka da 240D ɗinsa ta 1976, wadda Regular ta gada, ta yi tafiyar kilomita miliyan 4.6, har kamfanin ya karɓe ta ya ajiye a gidan tarihinsa. Ba tatsuniya ba ce.

Sai dai ka tuna abu guda. V-boot ɗin da kake gani tana sheƙi a Ikeja ita ce ta tsira. 'Yan'uwanta dubbai suna bayan gareji ciyawa ta fito ta cikinsu. Kuma ko da ƙarfe bai gaji ba, roba tana gajiya. Motar da ta shekara talatin da biyar, kowane tiyo, kowane bushin, kowace robar ƙofa tata ta shekara talatin da biyar, in dai ba an sauya ba. Ga kuma wata cuta ta motocin da aka yi tsakanin 1992 da 1996 ko kusa da haka: rigar wayoyin injinsu tana bushewa ta rududduge da zafi, har wayoyi su haɗu. V-boot na ƙarshe-ƙarshe da Beast da C-Class ta farko duk tana taɓa su. Kafin ka biya kuɗi, sa rewaya ya ɗan buɗe wayar inji ka gani da idonka.

Injin zamani shi ma yana daɗewa in ya samu baƙin mai nagari a kan kari. Abin da ke kayar da motar zamani ba fistin ba ne, lantarki ne da kayan roba da ke cikin ɗakin inji.

In an yi haɗari, Allah ya kiyaye, wacce ta fi tsare rai?

Ta zamani, ba ko shakka, kuma ina so a ji wannan da kyau don na sha jin ana cewa “tsohuwa ko tirela ta daka ba ta lotsewa”. Motar da ba ta lotse ba, jikinka ne ya karɓi dukan. Dabarar a bar gaba da baya su lanƙwashe su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja ya tsaya cak, Marsandi ce ta fara saka ta a motar kasuwa tun 1959, aikin injiniya Béla Barényi. Birkin ABS ya shigo a 1978, jakar iska a Concorde a 1981, na'urar hana mota ƙwacewa a kwana kuma a 1995. Kowane ƙarni yana ɗora wa na baya. Yawancin Regular da ke ƙasar nan ba ABS, ba jakar iska ko ɗaya. W212 kuwa jakunkuna ne ta gaba, ta gefe da ta saman tagogi.

Sharaɗin shi ne jakunkunan su kasance suna nan. Motoci da yawa da suka yi haɗari a waje ana ɗinke sitiyarinsu da dashbod, a yaudari fitilar gargaɗi ta mutu, a sayar maka da kwali babu komai a ciki. Wannan cin amana ne da zai iya cin rai, kuma na daina hulɗa da dillalai biyu a kansa.

Ruwan Legas fa? Ni a Lekki nake aiki.

To a nan ne Legas ta bambanta da Kano. Daga watan Afrilu zuwa Yuli, musamman Yuni, sai kuma Satumba da Oktoba, akwai titunan da sai ka rantse kogi ne.

Duk mota, tsohuwa ko sabuwa, in injinta ya shaƙi ruwa ta hanyar iska, ya gama. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka fistin yana tasowa ya ci karo da shi sandarsa ta lanƙwashe. Wani amini na mai sayar da tumatir a Mile 12, ML ɗinsa ta mutu a tsakiyar ruwa, yaran unguwa suna ta ce masa “Oga, sake tayarwa”. Sau uku ya murɗa makulli. Inji sukutum ya saya daga baya. In mota ta mutu a ruwa, cire makulli, cire kan batir, a tura ta waje, a ja ta zuwa gareji. Kada ka gwada ko sau ɗaya.

In ruwan bai kai inji ba, sai bambancin ya fito. Tsohuwa abin da ke jiƙewa kaɗan ne: a buɗe distiributa a goge, a shanya kafet, ta tashi. Ta zamani kuwa ƙananan ƙwaƙwalwa ne a warwatse a jikinta, waɗanda ake kira SAM da 'yan'uwansu, ga wayoyi shimfiɗe ƙarƙashin kafet. ML ta 2005 zuwa 2011 batirinta ma a ƙarƙashin kujerar mai zaman banza yake. Abin takaicin, ba ranar take nuna maka ba. Sai bayan mako uku ka ga gilashi yana sauka da kansa, fitilar baya ta ƙi mutuwa, batir yana shanyewa cikin dare. Kore-koren tsatsa ne ya kama bakin soket.

Amma tsohuwa ma tana da nata ciwon, kuma shi ba ya warkewa da sauƙi: tsatsa. Iskar gishiri ta Lekki, Apapa da Victoria Island tana cin ƙarfe a hankali. Duba wurin kafa jak, ƙarƙashin batir, gefen but inda ruwa ke kwanciya, da ƙasan ƙafar direba. Sannan ko wacce ce ka mallaka, ka riƙa sa a fashe magudanan ruwan da ke ƙasan gilashin gaba da na rufin da ke buɗewa. Ganye ne ke toshe su, ruwan sama ya koma cikin mota alhali ko kududdufi ba ka shiga ba.

Wacce ta fi jure go-sulo da zafi?

In ka tsaya awa biyu a kan gadar Third Mainland, fanka da lagireto ne ke riƙe da kai. Tsohuwa fankarta inji ke juya ta ta wani kuloci mai ruwa a ciki, in ya mutu allura sai ta hau. Abin da wasu bakanikai ke yi shi ne su cire tamostat su jefar, su haɗa fankar lantarki kai tsaye. Kada ka yarda. A gyara abin da ya lalace. Kuma a daina zuba ruwan rijiya a lagireto, a sa ruwan sanyaya inji na gaske.

Wajen sanyi ta zamani ta yi nisa. Tsofaffin da aka yi kafin farkon shekarun 1990 da gas ɗin R12 suka zo, wanda aka daina, sai an mayar da su R134a, kuma in ba a yi aikin da kyau ba, da rana tsaka iska kawai za ka sha.

Shan mai fa? Tun da aka cire tallafi abin ya dame ni.

Ya dami kowa tun 29 ga Mayu, 2023. Mutane suna zaton ƙaramar tsohuwa ba ta shan mai. Ba haka ba ne. Regular 200 da 230 kafireta gare su, masu harafin E kuma tsarin Jetronic na kamfanin Bosch, giyarsu ta otomatik huɗu ce. Na zamani giya bakwai suka samu tun 2003, tara kuma daga 2013. C300 ta W205 silinda huɗu ce mai tabo, lita biyu, tana ba da ƙarfin doki wajen 240, alhali 300E mai silinda shida wajen 180 take bayarwa, kuma 300E ɗin ta fi C300 shan mai nesa ba kusa ba. Beast kuwa, mai nauyin tan biyu, kada ma a yi maganarta a go-sulo.

Inda tsohuwa ta yi zarra shi ne haƙuri da gurɓataccen mai. Waɗanda suke Legas a Fabrairun 2022 sun tuna fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ya ajiye motoci. Injin zamani da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, famfonsa da injektocinsa ba sa yafiya. Ka zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su ka tsaya a kansu, ka guji na jarka.

Na ji ana yabon masu shan dizal.

Sun cancanta. Injin 300D mai silinda biyar, OM617, yana cikin mafi juriya da aka taɓa ɗora wa ƙaramar mota. Famfonsa na ƙarfe ne zalla, in ya tashi ba ruwansa da lantarki. Har kashe shi ma da zuƙar iska ake yi, shi ya sa in tiyon iskar ya huje za ka zare makulli inji ya ci gaba da aiki, sai ka buɗe bonet ka danna wani ɗan hannu da aka rubuta STOP a jikinsa. Amma 240D ba ta da sauri ko kaɗan, kuma dizal ya daɗe ba shi da tallafi a ƙasar nan. Dizal na zamani mai matatar hayaƙi da ruwan AdBlue kuwa ban ba kowa shawararsa a Legas ba, gajerun tafiye-tafiye cikin cunkoso toshe matatar suke yi.

Wacce ce bakanike zai fi iya gyarawa?

Da, da na ce tsohuwa ba tare da tunani ba. Yanzu sai na yi jim. Ogannin da suka san Jetronic, waɗanda za su kasa kunne su ce maka ga inda iska ke shiga, sun tsufa, wasu sun rasu, wasu sun koma garuruwansu. Yaransu sun koma gyaran Toyota don can ne ciniki. Wanda bai san tsarin ba, abin da zai fara yi shi ne ya murɗa sukurun daidaita mai, daga nan motar ba ta ƙara dawowa daidai. Wani ma zai ce a cire komai a ɗora kafireta. Na taɓa kai V-boot ɗita wani gareji don tana ɗan rawa in tana tsaye, na dawo na tarar tana baƙin hayaƙi. Wata biyu na yi ina neman wanda zai mayar da ita yadda take, ashe tun farko wani ɗan tiyo ne ya tsage.

Ta zamani kuma kwamfuta take so, ta ainihi, wadda ake kira Star ko Xentry, da mutumin da ya iya karanta abin da ta faɗa. Ƙaramar na'urar da kowa ke yawo da ita a aljihu lamba kawai take nunawa, sai a yi ta sa ka sayen kaya ɗaya bayan ɗaya ana gwaji da kuɗinka. Ga ƙa'idoji da ba a wasa da su. Baƙin mai ya zama mai lambar amincewa 229.5 a jikin galan, in motar fetur ce. Man giya mai bakwai iri biyu ne, ja na farko da shuɗi na waɗanda aka yi daga tsakiyar 2010, ba a haɗa su, kuma ta ƙasa ake ɗura shi a wani ma'aunin zafi, ba ta da sandar awo. Duk wanda ya ce maka “duk ɗaya ne, Alhaji”, ɗauki motarka ka tafi. Makulli ma ka nemi biyu tun ranar saye, don na sababbin ba a yanka shi a bakin titi.

Shawarar da nake ba kowa: ka samu bakanike kafin ka samu mota. Ka je garejinsa ka ga irin motocin da ke ciki, ka tambayi masu su.

Ana samun kayan gyara?

Ladipo da ke Mushin kusan babu abin da babu. Sai dai kaya hawa-hawa ne: akwai sabo na kamfani, akwai sabo na masu yi wa kamfanin aiki irin Bosch, Sachs, Lemförder da Mann, akwai tokumbo da aka ciro daga wata mota, akwai kuma jabu a cikin kwali mai kyau. Kada ka je kai kaɗai karon farko, kuma ka tafi da tsohon da aka ciro.

Na tsofaffi, kayan inji da na ƙafa suna nan. Abin da ke wahala shi ne ƙananan kayan ado: robar gilashi, katakon dashbod, fitila ta asali, datsar gefe. Na W204, GLK da ML kuwa sun yi yawa har sun yi sauƙi. Daga W222 zuwa sama ne abin ke tsorata mutum, fitilar gaba guda ɗaya sai ta ci kuɗin wata tsohuwar motar, kuma bayan an ɗaura sai an gabatar da ita ga ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta. Madubin gefe ma ka sa a zana masa lambar motarka, ɓarayinsa a go-sulo na zamani suke nema.

Na ga S-Class ta 2002 da araha ƙwarai, har ta fi Corolla sauƙi. In saya?

Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Ga 'yan tsakiyar da na ce zan dawo kansu. A shekarun nan ne kamfanin ya cusa sababbin dabaru da yawa a lokaci guda, wasunsu ba su gama nuna ba, kuma a lokacin ne ingancin kayan ya ɗan ja baya. Sun rasa sauƙin tsofaffi, ba su kai natsuwar na baya-bayan nan ba.

W220, ta 1998 zuwa 2005, a kan balan-balan na iska take tafiya, tsarin Airmatic. In yana lafiya ba ka jin rami. In ya tsufa, ka fito da asuba ka tarar ta durƙusa kamar raƙumi, kwamfaresa ya yi ta aiki har ya ƙone. Da yawa a nan cire shi suke yi su sa sifirin na ƙarfe, to daɗin da ka saye ta dominsa ya tafi ke nan. W211 ta 2002 zuwa 2006 tana da birkin lantarki mai suna SBC, wanda ya jawo kamfanin ya yi kiranyen motoci masu ɗimbin yawa, daga baya ya cire shi a gyaran fuskar 2006. W210 tsatsa ce ke cin ta, har mazaunin sifirin na gaba. Injin V6 na M272 na farko-farko akwai wani haƙori a cikinsa da ke cinyewa da wuri, gyaransa sai an sauke inji. W204 ma da nake yabo tana da nata: makullin sitiyari na lantarki yakan mutu, ka sa makulli shiru.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne farashin mota yana faɗuwa, amma kuɗin gyaranta yana nan a matsayin na motar attajiri. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In har ranka ya biya, ka nemi E-Class ta 2007 zuwa 2009, kuma ka ware kuɗi a gefe tun kafin ka biya.

Me zan duba a tokumbo, me zan duba a 'yar gida?

Fara da lambar jiki mai harafi da lamba 17. Wadda ta fara da WDB ko WDD ƙirar Jamus ce a mafi yawan lokaci, 4JG kuma daga masana'antar Alabama ta Amurka, inda ake yin ML. Sa lambar a intanet, sau da yawa hotunan gwanjon da aka saye ta za su fito, ka ga yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. Bayan ambaliyar guguwar Harvey a Houston a 2017 an yi gwanjon motoci masu yawa da suka sha ruwa, kuma irin wannan ba ya ƙarewa. Ɗaga kafet ka shinshina, duba yashi a ramin safaya, duba tsatsa a ƙarfen da kujera ke zamewa a kansa. Wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, a ɗaga ta a duba gadon ƙafar baya, W204, W212 da GLK suna ruɓewa a nan. Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba: dukkan fitilun gargaɗi su kama, in ta tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba, an kashe ta ne. Ka je da sassafe ka ji tashinta na farko. Takardun kwastan kuma a tantance su kafin kuɗi ya fita.

Tsohuwa kusan duk 'yar gida za ka samu. Kada ka kula da abin da agogon tafiya ya nuna, haƙorinsa na roba ne, yakan karye ya tsaya shekaru. Duba ko injinta ne na asali, ko makullin ƙofofi mai aiki da iska yana rufe duka huɗu, ko an yi mata ɗinkin waya barkatai. Mafi kyawunsu a gidajen dattawa suke a Ikoyi, Surulere da Ibadan, a hannun mutum ɗaya tun fil azal.

Wacce zan hau in tafi gida da Sallah?

Legas zuwa Kano tafiyar kilomita dubu ce ko fiye, ko ka bi Ibadan, Ilorin, Jebba da Mokwa, ko ka bi Lokoja, Abuja da Kaduna. V-boot tayarta mai kauri ce a kan rim 15, ga cikakkiyar safaya, tana shanye rami. Ta zamani mai rim 18 ko 19 da siririyar taya, rami ɗaya sai ya fasa taya ya lanƙwasa rim, wasu kuma ba su da safaya sam. In tsohuwa ta tsaya a Mokwa za a samu mai taɓa ta. In W205 ta ƙi tashi, sai motar ja zuwa babban gari.

Duk da haka ni da iyali C300 nake ɗauka, saboda birkinta, da ƙarfin wuce tirela cikin hanzari, da fitilarta in magariba ta riske mu. In ni kaɗai ne da V-boot, ina tafiya da bel, fiyus, rilen famfon mai da rilen OVP da ke bayan batir. Waɗannan biyun su ne ke yawan ajiye ta, kuma a aljihu suke shiga.

Ni mace ce, yara zan riƙa kaiwa makaranta daga Idi-Araba. Me ka gani?

Hajiya, ki bar tsohuwa. Ki nemi GLK ko W212 mai tarihi mai kyau, suna da maƙalin kujerar yara da jakunkunan iska na gefe. In kuwa kuɗin da ke hannunki iyakar na sayen ne, babu na riƙo, ki haƙura da Marsandi a bana.

Tsohuwar Marsandi jari ce?

Kaɗan daga cikinsu. A 2022 an sayar da wata 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135, amma irinta mai rufi guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa. A cikin waɗanda muka sani, 500E da aka haɗa da hannun kamfanin Porsche, da masu ƙofa biyu, da masu buɗaɗɗen rufi su ne ke daraja. 230E ta gama-gari ba za ta sa ka kuɗi ba, sai dai in kana kula da ita ba za ta ƙara faɗuwa ba. Masu nema asali suke so. Ranar da ka sauya mata fitila da bamba don ta yi kama da ta 1995, ka sa mata ƙaton rim, ka rage mata daraja da hannunka.

Kai fa, in aka ce ka riƙe ɗaya?

Don neman abinci, C300. Ita ke kai ni Tin Can da Berger kullum cikin sanyi, ta dawo da ni.

Amma V-boot ba ta sayarwa ba ce. Ta ubangidana ce da ya koya min sana'a, Allah ya jiƙansa, 230E ta 1989, kuma da ita aka ɗauko amaryata. Marsandi ta daɗe a cikin tarihin garin nan. Molue da ta yi shekaru tana jigilar talakawa a kan gadon Marsandi 911 aka gina ta. Baƙar motar da aka harbi Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, lokacin da cunkoso ya tsayar da shi a Ikoyi, tana nan a gidan tarihi na Onikan da hujojin harsashi a jikinta. Na kai 'ya'yana sun gani. Mu da muka taso a arewa Fijo ta Kaduna muka sani, Marsandi sai gidan sarki da manyan 'yan kasuwa, shi ya sa har yau in na tsaya da tawa a Alaba Rago sai dattijo ya taso ya shafa bonet ya ba ni labarin ta maigidansa.

In ba kullum zan hau tsohuwar ba, yaya zan ajiye ta?

Ajiya ta fi tafiya kashe ta. Kada ka lulluɓe ta da tamfol a fili, laima yake tarawa a ƙarƙashi, fenti ya kumbura, kujeru su yi fumfuna. Rumfa mai shan iska ta fi. Ka fita da ita duk mako, ba wai ka tayar a tsakar gida minti biyar ba, ka yi tafiyar da inji zai yi zafi sosai, ka kunna sanyi, ka taka birki, ka sauke gilasai ka ɗaga. Man birki a sauya shi duk shekara biyu don yana shan laima. Taya ko ba ta cinye ba, duba shekarar da ke jikinta. Kada a bar abinci a ciki saboda ɓeraye, su ne ke cin waya. In za ka yi doguwar tafiya, cire kan batir.

Takardunta ma kada ka bari su mutu don tana zaune. Ni ranar Lahadi bayan sallar asuba nake fita da tawa, lokacin titi babu kowa: daga Agege in bi Ikeja, in hau Third Mainland har Obalende, in sha shayi wurin mutanenmu, in juyo kafin rana ta ɗaga.